Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu tace lis ɗin kwastomomi, da manajojin da ke tsaye a kansu

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da aiki. Wannan wasiƙar taku ce, ku da kuke wuni gaban kwamfuta kuna buɗe data ɗin kwastomomi kuna zaɓo waɗanda za a tura wa talla, ko ta imel ko tes ko WhatsApp ko kiran waya. Manajojin da ke leƙowa ta bayanku suna cewa "mutum nawa ne a lis ɗin, a ƙara mana", ku ma ranku ya daɗe ku matso kusa, rabin maganar taku ce. Ni ma wannan aikin nake yi, kuma ni ma kamar kowa wayata ba ta hutawa da tallan da wasu suka tace suka ga wai na dace, to na ga abin ta ciki na gan shi ta waje, shi ya sa ba zan yi mana kara ba.

Abin da ya dame ni shi ne duk zaman da za a yi kan kamfen tambaya ɗaya ce ke yawo, wa za mu tura wa. A kawo masu shekaru kaza, a kawo waɗanda suka sayi kaza, a kawo na yanki kaza, a haɗa a ga adadi ya yi kauri kowa ya ji daɗi. Da wuya ka ji wani ya ce to wa ya kamata mu ƙyale. Alhali ni a ganina rabin aikin filta, wato sharaɗin da ake sa wa manhaja ta tace lis, kai fiye da rabi ma, cirewa ne. Lis ɗin da tun da aka buɗe shi ƙaruwa kawai yake yi bai taɓa raguwa ba, ba wanda ke kula da shi, ana dai zuba mutane a ciki ne.

Kuma kar wani ya ce ai mu muna tacewa, ba ma turawa kan mai uwa da wabi. Saƙon da ake kira sifam na farko a tarihi, wato tallan da ake turo wa mutum bai nema ba, shi ma an tace shi. A watan Mayun 1978 ne Gary Thuerk, ma'aikacin talla a kamfanin kwamfuta na DEC, ya tura gayyata ga mutum wajen 400 a ARPANET, wato kakar intanet ɗin nan, su zo su ga sababbin kwamfutocin kamfanin. Ba kowa ya nufa ba, masu adireshi a gaɓar yammacin Amurka ya zaɓo tunda a Kalifoniya za a yi nunin, kuma duk mutane ne masu harka da kwamfuta. Da a yau ne sai mu ce ya yi kyakkyawan filta, yanki ya dace, sana'a ta dace. Amma mutane suka fusata har hukumar da ke kula da hanyar ta ja kunne, don ba wanda ya ba shi adireshinsa don a tallata masa kaya, daga kundin sunayen masu amfani da hanyar aka kwaso. Shekara sama da 40 kenan kuma har yau a nan muke tuntuɓe.

Don haka kafin shekaru, kafin yanki, kafin komai, gurbin farko da ya kamata ya kasance a teburinku shi ne daga ina lambar nan ta fito, yaushe aka karɓe ta, kuma da aka karɓa me aka gaya wa mai ita. Mutum ya ba da lambarsa don a kira shi in kayansa sun iso, ko ya ba da imel don a turo masa rasit, wannan bai ce a riƙa tashinsa da rangwame ba. Ku buɗe data ɗinku yau ku duba layi nawa ne za ku iya nuna ranar da mai shi ya ce eh na yarda a turo min talla. A wurare da yawa gurbin ma babu shi, in kuwa akwai to rabi fanko ne, sai a ce ai tsofaffin kwastomomi ne sun san mu. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta faɗa ƙarara cewa shiru ba yarda ba ne, akwatin da aka riga aka yi wa mutum maki a fom ba yarda ba ne, kuma janye yarda dole ya zama da sauƙi kamar bayar da ita. Tarar tana iya kaiwa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duniya baki ɗaya, duk wanda ya fi yawa. Na san wani zai ce mu ba a Turai muke ba, to in kana tallata wa mutanen da ke can dokar ta hau kanka ko ina ofishinka yake, kuma ƙasashe da yawa sun kwafi tsarinta sun yi tasu. Amma ni ba tsoron tara nake so ya motsa ku ba, don wanda tsoron tara kaɗai ke riƙe da shi ranar da ya ga ba mai kallo zai koma gidan jiya.

Maganar sayen lis kuwa ba zan daɗe a kai ba. Ku bari. Wanda ya sayar muku ya sayar wa wasu goma, rabin adireshin sun mutu, kuma a ciki akwai adireshin tarko waɗanda ba na kowa ba ne, ƙungiyoyin yaƙi da sifam irin su Spamhaus da kamfanonin imel ne ke ajiye su don su gane masu turawa ba izini. Ka taka guda ɗaya, sunan adireshin kamfaninku ya shiga baƙin littafi, daga nan har rasit ɗin kwastomanku na gaskiya sai ya riƙa faɗawa akwatin sifam. Shi ya sa manhajojin tura imel ɗin talla irin su Mailchimp suka haramta loda lis ɗin da aka saya.

Yanzu mu zo kan aikin da kowa ke gudu, wankin data. Filta ba ya ganin mutum, abin da aka rubuta a gurbi kawai yake gani. Mutum ɗaya ya sayi kaya sau 3, ranar farko an rubuta lambarsa da sifili a gaba, rana ta biyu da lambar ƙasa, rana ta uku an sa sarari a tsakiya kuma an yi kuskuren harafi a sunansa, to a wajen kwamfuta mutum 3 ne, kowannensu ya sayi kaya sau ɗaya tak. Sai ka sa filta ka ce a ba ni waɗanda suka saya sau 3 ko fiye don mu yi musu godiya ta musamman, wannan bawan Allah ba zai fito ba, sannan ka ce a ba ni sababbin da suka saya sau ɗaya mu yi musu maraba, ya fito sau 3, saƙon "barka da zuwa" ya same shi sau 3 a rana ɗaya, mutumin da ya fi shekara yana kawo muku kuɗi. Akwai tsarin rubuta lambar waya na duniya da ake kira E.164, alamar tarawa, lambar ƙasa, sai lambar mutum, duka ba su wuce lamba 15 ba, ba sarari ba komai. Ku mayar da duk lambobinku kan wannan tsarin tun a ƙofar shiga, tun a fom ɗin da ake cikewa, sannan ku haɗe masu maimaici kafin ku fara wata tacewa.

Sai Excel, Allah sarki Excel. Duk wanda ya taɓa buɗe fayil ɗin CSV, wato irin fayil ɗin da ake sauke lis a cikinsa, ta hanyar danna shi sau biyu kawai ya san abin da nake nufi, sifilin gaban lamba ya ɓace, alamar tarawa ta ɓace, doguwar lamba mai 12 ta koma wani abu kamar 4.48E+11, kuma in ka yi sebin a haka ka rufe shikenan lambobin ƙarshe sun tafi, an maye su da sifili. Wani sai ya loda wannan fayil ɗin haka ya danna tura ya koma yana mamakin me ya sa rabi ba su isa ba. Ku riƙa shigo da gurbin lamba a matsayin rubutu ba lissafi ba, minti biyu ne.

Kuma lamba ba ta dawwama a hannun mutum ɗaya. Layi ya daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya zai karɓe ya ba wani, shi sabon mai layin bai san ku ba bai taɓa sayen komai a wurinku ba, ga saƙo yana kiransa da sunan wani har da abin da wancan ya saya. Matsalar ta kai Amurka ta buɗe rumbun lambobin da aka sake rabawa a 2021 don masu kira su riƙa dubawa kafin su kira. Inda babu irin wannan rumbun, abin da ke hannunku shi ne kwanan wata, lambar da ta yi shekaru ba ta amsa ba, ba ta saya ba, ba ta danna komai ba, a daina ɗaukarta kamar tana nan yadda aka bar ta.

Shi kansa filtan akwai ramuka a ciki. Na farko bambancin "da" da "ko" a sharaɗi. Ka ce a ba ni waɗanda suka saya cikin kwana 90 kuma suka yarda da talla ko suke yanki kaza, in ba ka sa alamar baka biyu ( ) ka ware sharaɗin da kyau ba, manhajar za ta kwaso duk mutanen yankin nan har da waɗanda suka ce kar a sake turo musu, kai kuwa ka ga adadi ya yi tsalle ka ɗauka albarka ce. In adadi ya fi yadda kake zato to ka tsaya, ba murna ba ce. Na biyu gurbin da ba a cike ba. Ka ce ban da waɗanda ke yanki kaza, a wasu manhajojin duk wanda gurbin yankinsa fanko ne shi ma zai zube shiru ba tare da an gaya maka ba, a wasu kuma zai shigo. Dole ka san yadda taka take yi. Abin da nake ba kowa shawara, bayan ka gama tacewa kar ka tsaya kan jimilla, ka ɗebo layi 20 ko 30 kan mai uwa da wabi ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka karanta kamar mutane, wannan yaushe ya saya, me ya saya, ya taɓa kai ƙorafi, shin in saƙon nan ya shigo wayarsa yau zai gane dalili. Sannan ka ɗebo wasu daga waɗanda filtan ya zubar su ma ka duba. A nan ake kama kuskure, ba a jadawalin da za a nuna wa manaja ba.

Ba kuma sai kun nemi wata dabara mai sarƙaƙiya ba. Tsohon ma'aunin nan da masu tallan katalog ta gidan waya suka daɗe suna aiki da shi tun kafin imel, wanda ake taƙaitawa da RFM, har yau yana ci, yaushe mutum ya saya na ƙarshe, sau nawa yake saye, nawa yake kashewa. Abu 3 ne da mutum ya aikata da hannunsa a wurinku, ba zato ba ne kan shekarunsa ko jinsinsa. Wanda ya saya makon jiya da wanda rabonsa da ku shekara 2 ba magana ɗaya za a yi musu ba, kuma na biyun in an gwada sau ɗaya sau biyu bai motsa ba a bar shi ya huta.

Wani abin kuma lokaci. An ciro lis ranar Litinin, zane bai gama ba, manaja bai sa hannu ba, sai Juma'a aka tura. A tsakanin nan wata ta sayi kayan ranar Laraba da cikakken kuɗi, Juma'a ga saƙo wai ga rangwamen kashi 30 kan abin da ta saya shekaranjiya. Kun biya kuɗin tes don ku ɓata mata rai kenan, kuma gobe ita ce a layin ƙorafi tana neman a dawo mata da ragowar kuɗinta, da gaskiyarta. Wani kuma ya danna cire suna ranar Talata amma tunda fayil ɗin Litinin ake amfani da shi saƙo ya same shi. In manhajarku tana da lis mai sabunta kansa ku yi amfani da shi, in babu ku sake ciro lis ɗin a ranar turawa.

To ga inda na fi so mu tsaya, lis ɗin waɗanda ba a taɓawa. Kowane kamfani ya kamata yana da shi guda ɗaya tilo, ba kowane sashe da nasa ba, kuma duk kamfen sai ya bi ta kansa kafin ya fita. Wanda ya ce a cire shi yana ciki. Kuma dan Allah ku lura, cirewa ba gogewa ba ce, in ka goge mutum gaba ɗaya daga data, wata uku wani ya loda tsohon fayil sai ya dawo sabo fil kamar bai taɓa cewa komai ba. Ana ajiye lambarsa ko imel ɗinsa ne a wannan lis ɗin don kawai a san ba a tura masa. Dokar CAN-SPAM ta Amurka ta 2003 ta ba da kwanakin aiki 10 a cika buƙatar mai son a cire shi, amma tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka ƙara matse masu tura saƙo da yawa, a wajen Gmail wanda ke tura kusan 5,000 a rana dole ya saita hanyoyin tantance imel da ake kira SPF da DKIM da DMARC don a tabbatar shi ne mai adireshin, dole ya sa cire suna da dannawa ɗaya kuma ya cika cikin kwana 2, sannan masu kai ƙarar saƙonsa a matsayin sifam kar su kai kashi 0.3 cikin 100. Ku lissafa, mutum 3 ne cikin 1,000. Wato wannan ƙaramin rubutun cire suna da kuke ɓoyewa a can ƙasa da launin toka don kar a gani, kanku kuke yi wa, don wanda ya nema bai gani ba maɓallin sifam zai danna, shi kuwa yana nan a sama ƙato.

Kuma kar ku yi wayon komawa wurin wanda ya ce a'a da sunan tambaya. A 2017 hukumar kare bayanai ta Birtaniya, ICO, ta ci tarar kamfanin jiragen sama na Flybe Fam 70,000 saboda ya tura imel sama da miliyan 3.3 ga mutanen da suka riga suka ce ba sa son talla, wai yana tambayarsu ko bayanansu daidai ne, har da gasar cin kyauta a ciki. A lokaci guda ta ci Honda Fam 13,000 kan imel 289,790 da ya tura yana tambayar mutane ko suna son talla, alhali ba shi da shaidar sun taɓa yarda a tuntuɓe su haka. Hukumar ta ɗauki tambayar ita kanta a matsayin talla.

Amma ni lis ɗin nan ban tsayar da shi kan abin da doka ta tilasta ba. Wanda ke da ƙorafi a buɗe, kayansa sun lalace yana ta kira ba a warware ba, a cire shi daga talla har a gama da shi, babu abin da ke ƙona rai kamar kana bin kamfani haƙƙinka suna turo maka "mun yi kewarka". Wanda aka sanar da ku ya rasu, a cire shi a ranar, iyalansa ne ke riƙe da wayar. Wanda sashe kaza ya tura wa jiya, sashe kaza ya haƙura yau, a sa iyaka ta sau nawa mutum zai ji daga kamfanin gaba ɗaya a mako, don shi bai san kuna da sassa ba, suna ɗaya yake gani.

Sai abin da filta ke iya hangowa wanda mutum bai gaya muku ba. A 2012 jaridar New York Times ta ba da rahoton yadda kantin Target na Amurka ya duba sayayyar mata ya fitar da kaya kusan 25, irin su man shafawa marar ƙamshi da wasu ƙwayoyin ƙarin sinadarai, waɗanda in an haɗa su ake hasashen mace tana da ciki har da kusan lokacin haihuwa. Abin da ya fi tsaya min a rahoton shi ne da suka ga mata na tsarguwa, sai aka riƙa cakuɗa tallan kayan jarirai da wasu kaya da ba su da alaƙa don ya zama kamar dace ne. Wato an gane abin yana tayar da hankali, sai aka ɓoye shi maimakon a bari. Ku yi tunanin cikin da ya zube kuma lis ɗin bai sani ba, wata 6 ana turo tallan gadon jariri. GDPR ta ware lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da makamantansu a matsayin bayanan da ba a taɓawa sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma ni a wurina hasashensu daga sayayya bai fi tambayarsu kai tsaye tsafta ba, ya ma fi muni tunda mai abin bai sani ba. Akwai hanyar da ta fi, a 2019 kamfanin sayar da furanni na Birtaniya, Bloom & Wild, ya tura wa kwastomominsa saƙo kafin ranar tunawa da iyaye mata cewa duk wanda ba ya son tallan ranar ya danna a tsallake shi, sauran saƙonni za su ci gaba. Dubbai suka danna, wasu kamfanoni suka kwaikwaya. Bai yi hasashen wa ya rasa mahaifiya ba, ya tambaya ne kawai ya bar mutum ya tace kansa.

Tunda ina ta cewa a cire a cire, dole in faɗi inda cirewa ke zama zalunci. In abin da kuke tallatawa dama ce, aiki ko gida ko bashi ko inshora, to wanda filta ya zubar bai huta ba, an hana shi ne, kuma ba zai taɓa sani ba balle ya yi ƙorafi. A 2016 'yan jaridar ProPublica suka sayi tallan gida a Facebook suka nuna ana iya ware mutane bisa launin fata ko ƙabila kar su gani, maganar ta yi ta ja har a 2019 kamfanin ya cire zaɓin shekaru da jinsi da lambar unguwa daga tallan gida da aiki da bashi a Amurka, a 2022 kuma Meta, kamfanin da ke da Facebook, ya sasanta da ma'aikatar shari'ar ƙasar kan tallan gidaje. Kuma ba sai ka rubuta ƙabila a filta ba, unguwa kaɗai tana iya yin aikin, irin waya tana iya yi, haka in ka loda lis ɗin tsofaffin kwastomominka ka ce a nemo masu kama da su, duk son kan da ke cikin tsohon lis ɗin zai haifu a sabon. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in aka nuna wa mutumin dalilin da ya sa aka cire shi, zai ce na gode ko zai ce don me.

Manajoji, ranku ya daɗe, yanzu ku. Yawancin wannan ɓarnar daga tambayarku take farawa. In abin da kuke yaba wa ma'aikaci da shi girman lis ne, to zai kawo muku girma, ba zai goge matattun lambobi ba, ba zai haɗe maimaici ba, don me zai rage adadin da ake auna shi da shi. In kuma adadin waɗanda suka buɗe imel kuke kallo, ku sani tun Satumban 2021 da Apple ya kawo kariyar sirri a manhajarsa ta Mail, ana loda ɗan hoton da ke ƙirga buɗewa ko mutum ya karanta ko bai karanta ba, don haka wannan adadin a kumbure yake, kuma duk filtan da aka gina kan "waɗanda suka buɗe cikin kwana 30" ya cika da mutanen da ba su ma ga saƙon ba. Abin da za ku nema shi ne a kowane kamfen a ware wani kaso, ko 10 cikin 100 ne, daga cikin waɗanda suka cika sharaɗi, a ɗebo su kan mai uwa da wabi kar a tura musu komai, bayan mako 2 a gwada sayayyarsu da ta waɗanda aka tura wa. Bambancin shi ne abin da kamfen ɗin ya kawo. Sau da yawa za ku tarar mafi kyawun lis ɗinku, wanda ake tafa wa a taro, mutane ne da dama can za su saya, kun dai ba su rangwame a banza. Ba daɗin ji, amma gara ku sani. Ku kuma riƙa tambayar mutum nawa suka fice, nawa suka kai ƙara, nawa suka yi bulok, a rubuta su kusa da ciniki a shafi ɗaya.

Saura fayil ɗin kansa. An tace, an sauke a kwamfuta, an tura wa mai zane ta WhatsApp don ya ga sunaye, an tura wa kamfanin da ke tura tes, wani ya kwafa a filasha zai ƙarasa a gida, kamfen ya wuce ba wanda ya goge ko ɗaya, ma'aikaci ya bar aiki ya tafi da nasa. Sunaye ne da lambobi da abin da mutane suka saya, abin da ɗan damfara ke nema kenan don ya kira ya ce daga kamfaninku yake kuma a yarda da shi. Mai tura tes lamba da suna kawai yake buƙata, kar a ba shi gurbi 40. Mai zane ba ya buƙatar ko ɗaya. In za ku loda lis a Facebook ko Google ana rikiɗa lambobin da SHA-256, wata hanyar lissafi da ke mayar da su jerin haruffa da lambobi, kafin a gwada su da nasu, amma hakan bai mayar da su bayanan da ba na kowa ba, ai don a gane mutumin ake lodawa, don haka wanda ya ce a ƙyale shi a nan ma a ƙyale shi. Masu zuba adireshi 200 a gurbin CC na imel, inda ake sa waɗanda za a ba kwafi, kowa na ganin na kowa, da masu jefa kwastomomi cikin guruf ɗin WhatsApp ba tambaya lambar kowa a fili, ku kam ban san me zan ce muku ba. Ko burodkas na WhatsApp da ke ɗaukar mutum 256 an gina shi ne yadda sai wanda ya yi sebin lambarka zai samu saƙon, ku tsaya a kan hakan.

Buƙatata ta ƙarshe ƙarama ce kuma ba ta cin kuɗi. Ku daina turo talla daga adireshin da aka rubuta kar a mayar da amsa, ku sa wanda mutum zai iya amsawa, ku ɗora wani ya riƙa karantawa ko sau ɗaya a rana, kuma a ba shi ikon taɓa lis ɗin da kansa ba sai ya jira sa hannun kowa ba. A cikin amsoshin nan ne za ku ga "wannan ba lambarsa ba ce yanzu", "na riga na saya", "ta rasu tun bara", "ku daina", kuma kowanne ɗaya gyara ne da ya kamata ya shiga data kafin kamfen na gaba ya fita.

Na gode da haƙurin karantawa, a gaida sauran abokan aiki.

Naku,
ɗan uwanku a wannan sana'a